Alternative Rock: Daga Rediyon Ɗalibai Zuwa Saman Kasuwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau sharhinmu zai leƙa Amurka da Ingila, kan salon kiɗan nan da ake kira alternative rock.

Duk wanda ya saurari ƙungiyar R.E.M., ya kuma juya ya saurari Nirvana, zai yi mamakin yadda aka zuba su a kwando ɗaya. Ta farko jitarta sanyi gare ta, mawaƙinta kamar yana magana cikin hanci. Ta biyu kuwa ihu ne da ƙarar jita mai tsaga kunne. A ganina, abin da ya haɗa su shi ne hanyar da suka bi kafin su isa kunnen jama'a.

A ƙarshen shekarun 1970, kiɗan punk, wani salon rock mai sauri da tsauri, ya nuna wa matasa cewa ba dole sai babban kamfani ya ɗauke ka za ka fitar da faifai ba. Greg Ginn, makaɗin jitar ƙungiyar Black Flag, ya kafa ɗan kamfaninsa SST a Kaliforniya a 1978. A Landan kuma shagon sayar da fayafayai na Rough Trade ya koma kamfani, shi ne ya fito da ƙungiyar The Smiths 'yan Manchester.

To amma wa zai sa waɗannan fayafayai? Manyan gidajen rediyon kasuwa ba su ko kalle su ba, domin mai talla ne ke riƙe da akalarsu. Sai gidajen rediyon jami'o'i suka buɗe ƙofa. Tashoshi ne ƙanana a can ƙasan zangon FM, tsakanin 88 da 92, wasunsu da ƙyar suke wuce bayan gari. Ɗalibi zai shiga ɗakin watsa shiri da tsakar dare, ba albashi, ba mai tsara masa jerin waƙoƙi, ya ɗora abin da ransa ya so. Mu ma'aikatan rediyo mun san darajar irin wannan 'yanci, mun kuma san ba kasafai ake samunsa ba. Ta nan R.E.M., wadda aka kafa a garin Athens na jihar Jojiya a 1980, ta yi suna. A Ingila, John Peel na BBC ya yi wa ƙananan makaɗa irin wannan hidima a shirinsa na dare. Su kuwa makaɗan, tsohuwar mota suke cikawa da kayan kiɗa, gari-gari, su kwana a ƙasa a falon masoyansu.

Kasuwa ba ta barci. A 1988 mujallar Billboard ta buɗe wa salon jadawalinsa na waƙoƙin da suka fi tashe, R.E.M. ta koma babban kamfanin Warner. Nirvana ta naɗi faifanta na farko a Seattle kan kuɗin da bai fi dala 600 da 'yan kai ba, ƙaramin kamfanin Sub Pop ya fitar da shi a 1989. A Satumban 1991 ta fitar da faifan Nevermind ƙarƙashin babban kamfanin Geffen, kuma a Janairun 1992 faifan ya ture Dangerous na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya. Wakilan kamfanoni suka yi wa Seattle tsinke. Har rigunan gwanjo da samarin ke sawa don rashin kuɗi aka kwaikwaya, aka sayar da tsada a New York. Kurt Cobain, jagoran Nirvana, bai ɓoye damuwarsa da wannan ɗaukaka ba, ya rasu a Afrilun 1994 yana da shekara 27.

Daga nan sunan alternative rock ya zama lakabin kasuwa kawai, kowa ya shiga inuwarsa. Waɗanda suka tsaya da ƙananan kamfanoni sai aka fi kiransu indie. Cikinsu akwai ƙungiyar Fugazi ta birnin Washington, wadda ta ƙi tayin manyan kamfanoni, ta zauna da ƙaramin kamfanin Dischord, ta kuma riƙe kuɗin shiga wasanta a kusan dala 5 tsawon shekaru.