Shin Halittun Wata Duniya Sun Taɓa Ƙwayoyin Gadon Ɗan Adam?

Wani malamin kimiyyar ƙwayoyin gado ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗalibai da jama'ar gari a Sakkwato. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamaina, iyayena, 'yan uwa ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi magana kan bidiyoyin nan da ke yawo a WhatsApp da TikTok, masu cewa wai masana sun gano sawun wasu halittu na sararin samaniya a cikin DNA ɗin ɗan Adam. Wanda ya yi tambayar bai yi laifi ba, tambaya ai rabin ilimi ce. Amma a garin nan na alƙalai kowa ya san ƙa'ida: mai da'awa shi ke kawo hujja. To bari mu zaunar da masu wannan da'awa, mu ji abin da suka zo da shi.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da wani dogon rubutu, shi ne DNA, mai haruffa huɗu kacal: A, T, C da G. Ka gaji haruffa wajen biliyan 3 daga mahaifiyarka, ka gaji kwatankwacinsu daga mahaifinka. An soma aikin karanta rubutun nan a 1990, aka sanar da kammalawa a 2003, amma sai a 2022 aka cike guraben da suka gagara.

Hujjarsu ta farko tsohuwa ce. A Fabrairun 2001, da aka fitar da daftarin farko na karatun rubutun nan a mujallar Nature, masu binciken sun ce sun ga ƙwayoyin gado 223 a jikin mutum da suka yi kama da na bakteriya, kuma ba su gan su a tsutsa ko ƙuda ba. Nan da nan marubuta irin su Zecharia Sitchin suka ce to ga hannun baƙi nan. Shekarar ba ta ƙare ba sai da wasu masana, ciki har da Steven Salzberg, suka sake awon da halittu masu yawa. Adadin ya zube zuwa wajen 40. Ashe ƙwayoyin suna nan a wasu halittun, ba a kai ga karanta su ba ne a lokacin. An gyara maganar tun 2001, amma har yau 223 ɗin ake ta turo muku, gyaran kuwa ba mai tura shi.

Sai su ce: kashi 2 cikin ɗari na DNA, ko ma ƙasa da haka, shi ke sarrafa furotin, to sauran na mene ne in ba saƙon ɓoye ba? Ai mun san da yawa daga cikinsa. Wani sashe shi ke kunna ƙwayoyin gado yana kashe su, shi ya sa ido ya zama ido, hanta ta zama hanta. Kusan rabi kuma gutsattsari ne masu kwafar kansu suna sauya wuri, irin waɗanda Barbara McClintock ta fara ganowa a jikin masara, ta samu kyautar Nobel a 1983. Wajen kashi 8 kuwa, ku saurara da kyau, ragowar ƙwayoyin cutar bairos ne da suka shiga jikin magabata suka zauna. To ga baƙo na gaskiya a jikinmu, amma ɗan duniyar nan ne. Abin da ke sa ni tasbihi shi ne, ɗaya daga cikin waɗannan ragowar ana amfani da shi wajen gina mabiyiya, wadda jariri ke ci yana numfashi ta cikinta a cikin uwarsa. Subhanallah. Wanda ke neman abin al'ajabi, ga shi nan a ɗakin haihuwa.

Masu da'awar na baya-bayan nan kuma suna ɗauko DNA ɗin uba da uwa da ɗa, su jera, in sun ga abin da ke jikin ɗan babu shi ga iyaye sai su ce halittun sama ne suka dasa shi. Ku da kuka saba da rubutun hannu za ku fi kowa gane wannan. Ɗauki littafin da aka yi ta kwafa tun zamanin Shehu, almajiri daga malami, shekara ɗari biyu. In ka jera kwafi biyu, dole ka ga ɗigo ya ƙaru nan, kalma ta faɗi can. Ba wanda zai ce aljani ne ya rubuta. Haka jiki yake: kowane jariri yana zuwa da sababbin canje-canje kamar 60 zuwa 70 da babu su ga iyayensa, kuma binciken da aka yi a Iceland a 2012 ya nuna suna ƙaruwa da shekarun uba. Ƙari a kan haka, na'urar karatun kanta tana kuskure, kuma da yawa daga bayanan DNA da ake saukewa daga intanet an karanto su ne daga ƙwayoyin halittar da aka raina a ɗakin gwaji, inda suke ci gaba da canzawa. Mai gaskiya sai ya koma ya ɗebi sabon jini daga mutanen nan uku, ya sake karantawa da wata na'urar, ya miƙa wa abokan sana'a su bincike shi.

Akwai wani labari da ba na iya faɗa ba tare da zuciyata ta sosu ba. A 2003 aka tsinci wani ɗan ƙwarangwal a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, tsawonsa santimita 15, kansa a tsuke. Aka sayar da shi, aka yi ta nuna shi a matsayin halittar sama. A 2018 masana na jami'ar Stanford suka fitar da sakamakon gwaji: jaririya ce, 'yar Adam, 'yar yankin, mai canje-canje a ƙwayoyin gadon ƙashi. Ɗiyar wata ce. Wata uwa ta ɗauki cikinta. Maimakon a suturta ta, aka mai da ita haja.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Ma'aunin da ake gwada DNA ɗin kowa da shi an haɗa shi ne daga mutane ƙalilan. Da aka karanta na mutum 910 'yan asalin Afirka, an sami haruffa wajen miliyan 300 da babu su a ma'aunin nan sam. Da ƙa'idar masu bidiyo za a bi, da mu ne baƙin. Gaskiyar ita ce Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, kuma ita aka fi bari a baya: a manyan binciken da ke haɗa ƙwayoyin gado da cututtuka, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ba. Ana auna magani a jikin wasu, a kawo mana mu sha.

Kuma ba sai mun leƙa sama ba kafin mu ga abin da harafi ke yi. Sikila harafi ɗaya ce: A ta koma T a ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jan jini. Harafin nan guda shi ke kwantar da yaro yana kuka da ciwon ƙashi cikin hunturu, iyaye na jigila tsakanin gida da asibiti ana neman jini. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Iyayena, don Allah a riƙa gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana ba, lokacin da janyewa ta zama abin kunya.

Ku kuma ɗalibai, aikin nan ba gagara badau ba ne. A Maris na 2020, a garin Ede na jihar Osun, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta ita ta fara karanta haruffan gadon ƙwayar korona a duk Afirka. Abin da ake buƙata shi ne ilimin halittu, lissafi da kwamfuta, kuma bayanan suna nan kyauta a intanet. Ina son in ga ranar da ɗiyan Sakkwato za su karanta DNA ɗin Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Badakkare da hannunsu, da yardar masu jinin, a nan gida.

Na ga mai gabatarwa yana duba agogo, la'asar ta gabato. A miƙa wa 'yan uwa mata abin magana su fara tambaya.