Sauya murya a fiyano ba tare da kiɗa ya yanke ba

An rubuto wannan daga naɗin laccar da wani daɗaɗɗen makaɗin fiyano ya yi wa matasan makaɗa da mawaƙa a Maraɗi. An taƙaita gaisuwar farko.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamaina a wannan sana'a, ƙannena makaɗa da mawaƙa, barkanku da yamma. Allah ya saka wa waɗanda suka tara mu da alheri.

Abin da zan yi magana a kansa bai kai daƙiƙa ɗaya ba in ana kiɗa, amma kowa a nan ya taɓa jin sa, kuma ya ji zafinsa. Ana biki, an shigo da amarya, ka dafe sitirin, wato muryar kayan goge da ke cikin fiyano, da hannun dama yana tafiya a hankali. Mawaƙi ya kai ƙarshen baiti, kana son algaita ta karɓa. Ka miƙa yatsa ka danna maɓalli. Sai sitirin ya mutu nan take, eko ya ɓace, wuri ya yi tsit na ƙiftawar ido, sannan algaita ta faɗo da ƙarar da ta ninka ta baya. Mai miksa ya zabura ya ja ƙasa. Ƙawayen amarya da ke rausaya suka waigo. Ba su san sunan abin da ya faru ba, amma ƙafarsu ta sani, don taku ya ɓace musu.

Ku dubi mai kalangu. Yana sauya muryar gangarsa a kowace gaɓa, ya matse tsarkiya a hammata ta yi sama, ya saki ta yi ƙasa, kuma hannun da ke riƙe da makaɗi bai tsaya ba. Kunnen Bahaushe a kan wannan ya tashi. Shi ya sa ba ya yafe mana in fiyano ya yi tuntuɓe.

To me ke yanke sautin? Mu fara da wannan, don wanda bai san ciwo ba ba zai san magani ba.

Muryar da kake ji a fiyano ba ita kaɗai take fitowa ba. Tana ratsawa ta cikin kayan ado: eko, da mai maimaita sauti, da mai kauraro shi, wani lokaci da mai sa shi ya yi gurnani irin na jitar lantarki. Wani ɗan ƙaramin inji ne a ciki yake wannan lissafi, kuma ƙarfinsa a ƙidaye yake. In ka kira sabuwar murya, injin sai ya sauke adon tsohuwar ya ɗora na sabuwar. A wannan tsakanin, ko dai fiyano ya yi shiru da gangan don kada ka ji ƙara mara daɗi, ko kuma ya bar tsohuwar muryar ta ci gaba amma cikin adon da ba nata ba. Wannan na biyun ya fi ban haushi. Ka saki sitirin mai laushi, wutsiyarsa ta faɗa cikin gurnanin jita, sai ka ji wani abu ya yi haushi a lasifika. Mafi yawan abin da muke kira yankewa daga nan yake.

Na biyu, kowane fiyano yana da iyakar sautin da zai iya fitarwa a lokaci guda. Yamaha DX7 da ta fito a 1983, wadda ta cika duniya a zamaninta, 16 take ɗauka. Ƙananan fiyanon Yamaha PSR da yawancinmu muka fara da su, 32 ne ko 48. Manyan suna kai 128. Wani zai ce, yatsuna goma ne, ina ruwana da 48? To ka ƙirga. Ganga da bes da sauran rakiyar da sitayil ke bugawa, wato kiɗan da fiyano ke yi da kansa, duk daga wannan asusun suke ci. Ka ɗora murya biyu a hannun dama, kowane madanni ya zama biyu, wata muryar ma ita kaɗai biyu take ci. Ka taka feda mai tsawaita sauti ka riƙe. Kafin ka ankara asusu ya ƙare, sai fiyano ya soma kashe tsofaffin sautuka don ya samar wa sababbi wuri. A daidai wurin sauyi ne tsohuwa da sabuwa ke haɗuwa, nan ne kuwa ya fi yin wannan kisan.

Na uku ba laifin inji ba ne, namu ne: ƙarfin muryoyi bai daidaita ba. Zan dawo kansa.

Masu ƙera kayan nan sun san matsalar. Korg ta fitar da Kronos a 2011 da abin da ta kira SST, wanda ke barin tsohuwar murya da ekonta su ƙare da kansu yayin da kake buga sabuwa. Yamaha ta zo da irin nata mai suna SSS a Montage a 2016, amma da sharaɗi: haɗin muryoyinka kada ya wuce takwas, a ƙanwarta MODX kuwa kada ya wuce huɗu. Me ya sa? Saboda babu sihiri a ciki. Injin yana ware rabin ƙarfinsa ne ya riƙe tsohuwa, rabi ya karɓi sabuwa. In ka cinye duka a murya ɗaya, ba abin da ya rage na riƙo. Nord Stage 3 ta ƙasar Suwidin ta zo da irinsa a 2017, Roland ma tana da nata. Kayan kirki ne, wanda Allah ya hore masa ya saya. Amma mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinmu ke ɗaukar irin waɗannan zuwa biki a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo? Abin da ke hannunmu PSR ne, wata sabuwa, wata ta biyo hannu uku kafin ta tsallako ta Jibiya. Kuma ina gaya muku, da ita ɗin ana iya yin kiɗan da ba wanda zai ji ɗinkin, in an shirya a gida.

Hanya mafi tsabta ta sauya murya ita ce kada ka sauya ta sam. Ku saurara da kyau. Ka raba madannai gida biyu, hagu da dama, kowanne da muryarsa. A dama kuma fiyanonka yana ba ka gurbi biyu, wani uku. Ka zuba sitirin a gurbin farko, algaita a na biyu, tun kafin a fara waƙa. Duka biyun suna zaune da adonsu, ba wadda za a ɗauko daga nesa. Lokacin sauyi sai ka kashe wannan gurbi ka kunna wancan. Injin bai sauke komai ba, bai ɗora komai ba, don haka ba abin da zai yanke. Waƙoƙin biki da yawa murya uku ko huɗu sun ishe su. Yaro ya zo da murya goma sha biyu a waƙa ɗaya yana zaton gwaninta ce. Ni abin da nake ji shi ne wurin tuntuɓe goma sha biyu.

In dole sai ka sauya gaba ɗaya, nan maɓallan rajista suke shigowa, waɗanda ke jere da lambobi a gabanka, huɗu a ƙananan PSR, takwas a manya. Kowane ɗaya yana ajiye hoton fiyanon duka: muryoyi, sitayil, gudun kiɗa, hawa ko saukar murya, eko, komai. Alherinsa ke nan, kuma haɗarinsa ke nan. Ka ajiye lamba 3 a gida da gudun kiɗa 110. A filin biki mawaƙi ya ɗauki zafi, ka ƙara gudu ya kai 120. Ka danna 3 don ka sami sarewa, sai kiɗa ya koma 110, masu rawa suka yi karo da juna. Ko mawaƙiya ta ce muryarta ta dushe, ka sauke mata kiɗa da mataki biyu, ka danna rajista, kiɗa ya haye ya bar ta a ƙasa a gaban jama'a. Wannan kunya ce da kai ka ja mata. Maganinsa maɓallin firiz. Ka shiga ciki ka zaɓi abin da ba ka son a taɓa, wato sitayil da gudu da hawa da sauka, ka kunna shi, sai rajista ta sauya muryoyi kaɗai. Na sha ganin fiyano ya shekara a hannun mutum, wannan maɓallin ko alamar yatsa babu a kansa.

Sannan duk rajistar da ke cikin waƙa ɗaya ka ba su eko iri ɗaya. Wadda kake so ta jiƙe ka ƙara mata yawansa, wadda kake so ta bushe ka rage, amma nau'in kada ya sauya. In nau'in bai sauya ba, injin ba shi da abin saukewa, wutsiyar tsohuwar murya za ta ƙare lafiya lau. Mai miksa mai kirki ma yana iya ba ka eko daga wajensa, ka rage na cikin fiyano. Nasa ba ruwansa da maɓallin da ka danna.

Yanzu batun ƙarfi. Lambar da ke kan allo ba ita ce kunne ba. Algaita a 90 ta fi sarewa a 110 tsaga kunne, don muryarta siririya ce mai kaifi. Muryoyin kalangu da gurmi da ake saka mana daga waje kuma kowanne da ƙarfin da aka naɗe shi. Kada ka daidaita su da abin kunne cikin ɗaki da dare. Ka haɗa da lasifikar da za ka yi aiki da ita, ka kunna sitayil, ka sa ƙaninka ya tsaya nesa, ka bi rajista ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga maka hannu. Aikin yamma guda ne, zai yi maka shekara.

Duk wannan shiri ne. Saura lokacin dannawa, kuma nan ne makaɗi yake bambanta da mai fiyano. Waƙarmu baiti ce da amshi. Mawaƙi yana numfashi, ƴan amshi suna shigowa, akwai ƴar ƙofa a tsakani. Ta nan ake wucewa. Kada ka sauya a kan bugun farko na sabuwar gaɓa, ka makara. Ka ɗaga hannun dama a bugun ƙarshe na wadda ke ƙarewa, ka saki feda, ka danna, ka sauko a kan bugun farko da sabuwar murya. Hannun hagu yana nan riƙe da kiɗa, ba ya motsi. In ka haɗa da juyin ganga, wato fil-in, ya fi kyau, don hankalin mutane yana kan gangar, ƙarar ta rufe ɗinkin. Ɗaga, saki, danna, sauko. Ku maimaita shi a gida da sitayil yana tafiya, ido a rufe, har yatsa ya san hanya da kansa.

Akwai tsarin da ke cikin manyan PSR inda za ka jera rajista, feda ta riƙa tura ka gaba ɗaya bayan ɗaya, hannu bai bar madannai ba. A wurin da aka tsara waƙa daga farko har ƙarshe, abu ne mai kyau ƙwarai. A bikinmu kuwa ku yi hattara da shi. Kana tsakiyar baiti na biyu Hajiya uwar biki ta taso da jakarta za ta yi liƙi, mawaƙi ya watsar da waƙa ya koma kirari, ba ka san minti nawa zai ɗauka ba. Jerinka ya tashi aiki. Abin da ni nake yi, kuma nake ba ku shawara, kowace lamba ta riƙe aiki ɗaya a duk bankunan da ka ajiye, wato rukunonin rajistarka. Lamba 1 shimfiɗa mai laushi ta baiti. Lamba 2 amshi. Lamba 3 busa. Ta ƙarshe ta kirari da liƙi. Ko wace waƙa ake, ko mawaƙi ya juya ina, yatsanka ya san ƙofar. Ka manna farin salatif a ƙarƙashin maɓallan ka rubuta, don da la'asar in rana ta haske allo ba abin da za ka gani.

A nan wani matashi ya yi tambaya: ya haɗa fiyanonsa da wani akwatin sauti ta waya, amma wani lokaci in ya sauya murya sai sauti ɗaya ya maƙale yana ta kuka.

Yawwa, ƙanena, tambaya mai kyau. Wayar nan harshen MIDI take ɗauka, wanda aka fito da shi a 1983 don kayan kamfanoni daban-daban su ji maganar juna. Yana da hanyoyi 16. In ka danna madanni, saƙo ya tafi cewa a fara. In ka ɗaga, wani saƙon ya tafi cewa a daina. Kai kuma ka sauya hanya yatsanka yana ƙasa. Saƙon farawa ya bi hanya ta 1, na dainawa ya bi ta 2, ita ta 1 ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Ka ga mun koma kan ɗaga hannu da sakin feda kafin dannawa. Kuma ka nemi inda ake kashe duk sautuka lokaci guda a akwatin naka, ka san wurinsa tun kafin ranar biki. Wani abu kuma, saƙon sauya murya lamba 128 kawai yake iya kira, shi ya sa ake tura lambar banki tukuna, sannan lambar murya. In ka juya su, wata muryar daban za ta amsa maka.

Wata baiwar Allah daga baya ta ce fedarta tana aiki a juye, in ta saki sai sauti ya riƙe.

Ƙanwata, ki kashe fiyanon, ki tabbata fedar tana jone, ki ɗauke ƙafarki daga kanta, sannan ki kunna. Fiyanon Yamaha yana duba yadda fedar take ne a lokacin da yake tashi. In ya same ta a take, sai ya ɗauka haka zamanta yake. Wannan yana yawan faruwa in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke aka tada gurup, injin ba da wuta, mutum yana zaune ƙafarsa a kan feda bai sani ba. Kuma tun da an zo kan kuran, duk wanda ya gyara rajista ya adana bankin da suna kafin ya kira wani banki, in ba haka ba gyaran ya tafi. Ku kwafe a kile biyu, wato filas na USB, ɗaya a aljihu, ɗaya a gida. Kada ku sauya wa sitayil suna ko mazauni bayan kun ajiye, don rajista adireshi take riƙewa, in ta je ba ta tarar ba shiru za ta ba ku. Lokacin hunturu kuma ku riƙa rufe fiyano da zane in ba a bugawa. Ƙura in ta shiga ƙarƙashin maɓalli, za ka danna ya ƙi, ka ƙara dannawa ya amsa bayan ƙofar ta wuce.

To, a jona mini wancan PSR ɗin a lasifika. Malam, ka taimaka mana da baiti ɗaya da amshi. Zan buga sau biyu, na farko in sauya a kan bugun farko, na biyu in sauya a wurin numfashi, ku kuma ku matso kusa ku dubi ƙafata da hannun dama.