Darasi: Ina Aka Dosa da Atisayen Yaro a Gida?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasin yau na iyayen da ke rainon yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa ne, irin wadda kan biyo bayan doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau. Kun je sashen gashi, a ce a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, an nuna muku atisayen da za ku riƙa yi masa a gida. To, ina aka dosa?

Duk uwar da aka tambaya, amsarta ɗaya ce: "Ya taka da ƙafarsa." Allah ya nuna mana. Amma jiki yana bin tsari ne. Wuya ke fara tsayawa, a lafiyayyen jariri wajen wata 3 zuwa 4, sai juyi, sai zama, kafin a zo maganar tsayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bincikenta na 2006, ta nuna zama ba jingina yakan zo tsakanin wata 4 da 9. Masana kuma sun lura cewa yaron da ya iya zama da kansa kafin shekara 2, galibi yana kaiwa ga tafiya. Kun ga ke nan zaman nan da ake rainawa shi ne babban aiki.

Saboda haka ku ɗauki mataki na gaba kawai, ku faɗe shi yadda ko kakarsa za ta iya shaida an kai ko ba a kai ba. Kar a ce "wuyansa ya yi ƙarfi." A ce: "Nan da sati 6, in an kwantar da shi rub da ciki a tabarma, ya ɗaga kai har a ƙirga goma." Ga abin da zai yi, ga wurin, ga ma'auni, ga wa'adi. Biyu ko uku irin wannan sun isa. Ku zaɓe su tare da likitan gashi, domin ba kowane yaro ke bin hanya ɗaya ba.

Kuma ku cusa su cikin hidimar yau da kullum. Lokacin shan kunu, a zaunar da shi, kai a miƙe, don kada ya ƙware. Wajen ɗauka, a saɓa shi a ƙugu, cinyoyi a buɗe, musamman mai harɗe ƙafa. Maigida, da kai nake, minti goma bayan la'asar ba zai gagare ka ba. Amma jan ƙafa da ƙarfin tsiya yaro na tsala ihu, wannan ba gashi ba ne, a bari.

Duk Juma'a ki ɗauki ɗan bidiyo a waya, a wuri ɗaya, ki tafi da shi asibiti. In wa'adi ya cika ba a kai ba, a rage, ƙirga goma ta koma biyar. In kuwa ya fara jijjiga, ko ya daina abin da ya riga ya iya, kar ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi a ranar.