Abuja Zuwa Kaduna: A Daina Yi Wa Matafiya Lissafin Tasha Zuwa Tasha

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna, kuma gaskiya ta ishe mu. Da mutum ya ce gobe zai je Kaduna, kafin ya rufe baki wani ya tare shi: "Ai ka hau jirgi kawai, awa biyu ka isa." Ba a tambaye shi unguwar da zai tashi ba, ba a tambayi inda zai sauka ba, balle a ji su nawa ne za su tafi, ko ƙarfe nawa ake jiransa. Awa biyun nan daga ina zuwa ina? Daga tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja zuwa tashar Rigasa a Kaduna. To wa yake kwana a tashar Idu? Tafiya daga ƙofar gida take farawa, a ƙofar inda za ka take ƙarewa, kuma a kan wannan ya kamata a yi lissafin kuɗi da na lokaci.

Kada a ce mun raina jirgin. Layin dogon nan mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, ya ceci mutane da dama a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi titin mota a yankin Rijana da Katari. Akwai sanyi, akwai ban-ɗaki, mutum yana iya miƙe ƙafa ko ya buɗe kwamfuta ya yi aikinsa. Amma mu ɗauki biro mu yi lissafi. Mutumin da ke Nyanya ko Lugbe ko Asokoro sai ya ware kusan awa guda kafin ya kai Idu, ya danganta da cunkoso. Sai ya isa da aƙalla rabin awa kafin tashi, saboda binciken kaya da duba tikiti da katin shaida. Tafiyar kanta awa biyu ce da ɗoriya, wani sa'in ta doshi uku. A Rigasa kuma ɗaruruwan mutane ke sauka a lokaci guda, kowa na neman tasi ko Keke, sannan a kama hanyar Bakin Ruwa a shiga gari. Haɗa duka ka ga ko awa biyar ba ta tafi ba. Kuɗin motar da ta kai ka Idu da wadda ta ɗauke ka a Rigasa, idan shata ka yi, sau da yawa sun fi kuɗin tikitin kansa.

Wanda jirgi ya yi wa daidai a bayyane yake. Mazaunin Kubwa ko Gwarinpa ko Dutse ko Bwari, wanda tashar Kubwa ke kusa da shi, ba ruwansa da Idu. Wanda zai sauka a Rigasa ko Tudun Wada ko Kurmin Mashi, shi ma ya dace. Wanda ke tsakiyar Abuja ko ya sauko daga filin jirgin sama yana iya bin ƙaramin jirgin cikin gari, wanda aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, ya ajiye shi a Idu, muddin lokutansu sun zo ɗaya. Amma wanda za shi Gonin Gora ko Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha fa? Titin Abuja ta kudu yake shiga Kaduna, wato motar haya ta kusa da gidansa za ta bi. Me zai kai shi Rigasa, ya biya wani kuɗin, ya sake tsallako kogi ya dawo baya? Haka wanda Zariya ko Kano zai zarce: jirgin a Rigasa yake tsayawa, sai ya sake neman motar Kawo, alhali da a Abuja ya hau motar Kano kai tsaye, da zama ɗaya ya ishe shi.

Sannan ga batun tikiti. Tun 2021 ake sayar da shi ta intanet, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a watan Disambar 2022 ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Sawun jirgin kaɗan ne a yini, kujerun kuma kan ƙare da wuri, musamman Juma'a da Lahadi da jajibirin Sallah. Wanda bai samu ba sai ya faɗa hannun 'yan cuwa-cuwa, ya biya ninki, wani lokaci ma a miƙa masa tikiti mai sunan wani, a tare shi a ƙofa. Idan ba ka riƙe tikiti mai sunanka tun kafin ka bar gida ba, kada ka ɗauki jaka ka nufi Idu da fatan Allah zai kawo. Jirgi ba ya jira, idan kuma ya wuce ka, na gaba yana iya zama sai bayan wasu awowi ko sai gobe.

Na san abin da za a ce: tsaro. Wai duk wannan lissafi banza ne, rai ya fi kuɗi. Wa ya musa? Sai dai a tuna cewa ranar 28 ga Maris 2022 jirgin nan aka kai wa hari, aka kashe mutane, aka sace fiye da 60, wasu sai a watan Oktoba suka fito. A watan Agustan 2025 kuma ya sauka daga kan layinsa a kusa da Asham. Har yanzu ni a ganina jirgin ya fi titi kwanciyar hankali, musamman ta fuskar haɗari, amma a daina magana kamar wanda ya shiga jirgi ya shiga aljihun uwarsa. Abin da ya fi tsare matafiyi a wannan hanya shi ne ya isa masauki da sauran rana, ko da me ya hau. Wanda ya sauka Rigasa da dare yana laluben abin hawa, shi ma yana da nasa abin tsoron.

Motar haya kuwa, tata matsalar ba a ɓoye take ba. Tana tashi daga tashoshin Jabi da Utako da Zuba a Abuja, da na Kawo da Mando da Television a Kaduna, amma ba ta da agogo. Sai ta cika. Bas mai cin mutum 18 tana iya cinye maka awa guda ko fiye kana zaune a tasha, shi ya sa mai sauri yake neman Sharon ko Golf ko Sienna, waɗanda ke cika da wuri. Ka je da sassafe, lokacin da fasinja ke da yawa. Ka leƙa ka ga ko na zaune a ciki da kayansu, domin akwai tashoshin da 'yan kamasho ke zaunar da mutanensu don a ɗauka mota ta kusa cika. Ka shiga cikin tasha, ka rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinja, ka bar tsayar da mota a bakin titi don rangwamen da bai taka kara ya karya ba, a garin da kowa ya san labarin 'yan wan-cans, ɓarayin da ke fakewa da motar haya. Idan ana cusa mutum biyu a gaba, ka biya kujerun biyu ko ka jira wata.

Shi titin kansa, tun 2018 ake aikinsa. An ƙwace kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannun Julius Berger a ƙarshen 2024 aka ba wani kamfani. Duk inda aka mayar da motoci hannu ɗaya, tirela guda ta lalace ko ta faɗi a Tafa ko Jere, to tafiyar awa uku ta koma shida. Saboda haka kafin ka biya, ka tambayi direban da ya shigo yanzu yadda ya baro hanya. Labarinsa ya fi na kowa sabunta.

Sai shata, wadda mutane ke gudu da sunan tsada ba tare da sun yi lissafi ba. Ga mutum ɗaya, eh, ɓarnar kuɗi ce. Amma iyali mai mutum biyar ko shida, da tsohuwa da yara da akwatuna, za su biki? Tikiti shida, da mota biyu zuwa Idu, da mota biyu daga Rigasa, sannan a maimaita wajen dawowa. Ku kwatanta wannan da Sienna ɗaya da za ta ɗauke su a ƙofar gida ta ajiye su a ƙofar gidan biki. Haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai tsaya wuri uku ko huɗu a Kaduna ya juyo a ranar.

Sai dai a gama magana kafin a tayar da mota. Wa zai sayi mai? Zuwa da dawowa kusan kilomita 400 ne, ƙaramar mota irin Corolla za ta sha lita 35 zuwa 40, Sienna ta doshi 50, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuɗin na yini ne ko na zuwa kawai? Idan aka kwana, wa ke da abinci da makwancin direba? Idan kai za ka tuƙa da kanka, ka tambaya ko an yarda motar ta fita daga Abuja, ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane kafin ka karɓi makulli, in ba haka ba daga kuɗin ajiyarka za a cire. Ka duba inshora da takardun mota, da safaya da jak da abin kashe gobara. Ka durƙusa ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce tayar da ta wuce shekara huɗu ta ƙare aiki, komai kyan zanenta, kuma zafin kwalta da rana tsaka shi ke fasa irinta. Ka gaya wa direba tun a gida cewa ba a wuce gudun kilomita 100, kuma ƙarfe uku na rana za a juyo, an gama ko ba a gama ba.

Ga hukumomi kuma, shekara da shekaru ana sauke ɗaruruwan mutane a Rigasa da Idu ana barinsu da ciniki da masu tasi a rana. A sa manyan motoci masu tsayayyen farashi, su riƙa jiran kowane sawun jirgi, wata ta nufi Kawo, wata Kasuwa, wata Sabon Tasha, a Abuja kuma wata ta yi Area 1, wata Nyanya. A kuma daidaita lokacin ƙaramin jirgin Abuja da na Kaduna, yadda wanda ya sauka daga wannan zai tarar da wancan yana tsaye.