Darasi: yadda ake auna lafiyar koneksiyon da ping, da kayan gane hanya in rezo ya ƙare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ina gaida kowa daga nan Damagaram. To yau darasin namu a kan tambayar nan ce da kuke ta turo min, malam intanet ɗina ba ya tafiya me zan yi. Kullum abin da nake fara cewa shi ne ka auna tukuna, don kalmar "ba ya tafiya" ba ta gaya min komai ba, kamar mutum ne ya je likita ya ce jikina ba daɗi ya yi shiru. Ina ne ke ciwo? Wayarka ce, ko akwatin wifi ne, ko kamfanin layi, ko can nesa ne aka samu matsala. Kuma abin aunawar yana cikin kwamfutarka tun ran da ka saye ta, ko dala ba za ka biya ba.

Ku matso ku ga allon. A Windows ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, ka buga Entrée. Baƙin allo zai fito, kar ya tsorata ka, ba abin da ka ɓata. Yawancin kwamfutocinmu a nan da Faransanci suke, maɓallansu kuma AZERTY ne, saboda haka lambobin sama sai ka riƙe Shift, ɗigo ma sai da Shift, na ga mutane da yawa nan suke fara maƙalewa su rubuta alamomi a madadin lamba.

Rubuta ping 8.8.8.8. Wannan lambar ta wata na'ura ce ta Google. Shi ping kamar aiken yaro ne, ka aike shi shago ya je ya dawo kana lissafa lokaci. Windows yara huɗu yake aikawa ɗaya bayan ɗaya, kowane da ɗan ƙunshin saƙo. Kun ga nan ya rubuta Réponse de 8.8.8.8, can gaba temps=92 ms. Wannan ms ɗin kashi ɗaya ne cikin 1000 na sakan, wato yaron ya je ya dawo bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. A ƙasa kuma ya ce perdus = 0, ba wanda ya ɓace a hanya. In ka ga Délai d'attente de la demande dépassé to yaron ya tafi bai dawo ba kenan.

Amma huɗu sun yi kaɗan. Ni ping -n 50 8.8.8.8 nake yi, ko ka sa -t ya yi ta aikawa har sai ka tsaida shi da Ctrl da C. Mai wayar Android zai iya saka manhajar Termux, mai ba da irin wannan baƙin allo, ya yi daidai wannan, sai dai can -c ake sawa a madadin -n.

Yanzu ku saurara da kyau don nan ne zuciyar darasin. Abu uku ake kallo. Tsawon lokacin, ɓacewar saƙo, da kuma rawar da lambobin ke yi. Mutane lamba ta farko kawai suke kallo, ni kuwa biyun ƙarshe sun fi damuna. In kana samun 140, 145, 138 a jere, wallahi za ka yi kiran WhatsApp da ɗan uwanka da ke Libiya ko Saudiyya lafiya lau. Amma in yanzu 60, an jima 800, sai ɗaya ya ɓace, sai 70, to nan ne murya ke yankewa kuna ta alo alo kana jina, ko da kuwa sandunan rezo duka sun cika a saman waya. Sandunan nan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da eriya kawai suke nunawa, ba su san cunkoson da ke bayan eriyar ba. In cikin 50 biyar sun ɓace, kashi 10 cikin 100 kenan, wannan ciwo ne sosai. Ka gwada da asuba ka sake gwadawa bayan isha'i lokacin da duk gari ke kan TikTok, ka rubuta a takarda ka kwatanta.

Sai ka gano inda ciwon yake, daga kusa ake farawa. Rubuta ipconfig, ka nemi layin Passerelle par défaut, yawanci 192.168.1.1 ne, a ƙananan akwatinan Huawei kuma 192.168.8.1. Wannan ita ce ƙofar gidanka, wato lambar akwatin wifi ɗinka. Yi mata ping. Ya kamata ka ga 1, 2, ko 5 ms. Kwanaki wani mai shagon buga takardu kusa da kasuwar Dole ya kira ni yana ta faɗa wai zai canza layi, na je na tarar akwatin yana ƙasan tebur a bayan wani kabad na ƙarfe, ga katangar ƙasa mai kauri tsakaninsa da ɗakin kwamfutocin. Na yi wa akwatin kansa ping, 300, 450, ɓata, 280. Saƙon ko ƙofar shago bai fita ba ya riga ya gaji. Muka ɗauko shi muka rataye a sama kusa da taga, ya koma 3. Da ya canza layin da kuɗinsa kawai zai zubar.

In ƙofar gida lafiya amma 8.8.8.8 na wahala, sai tracert 8.8.8.8, a Linux traceroute ake ce masa. Shi zango zango yake nuna maka kamar mai tafiya Yamai, ka wuce Takieta, ka wuce Tessaoua, Maraɗi, Konni, Doso, kowane zango da lokacinsa, har zango 30 yake iya bi. In lambobin sun yi tsalle tun a zango na biyu ko na uku kuma suka ci gaba da zama sama har ƙarshe, to matsalar a wajen kamfanin layi take, ka ɗauki hoton allon ka kai musu. In ka ga taurari a layi ɗaya amma na gabansa sun amsa, ba komai ba ne, wasu na'urorin ba sa amsa gaisuwa amma suna barin ka wuce. Ku kuma tuna Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa ran 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka lalace a tekun wajen Kodebuwa, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu. Irin wannan ranar ko sau ɗari ka kashe akwati ka kunna ba abin da zai canza.

Akwai kuma wani hali, ping 8.8.8.8 yana amsawa amma shafi ba ya buɗewa. Gwada nslookup google.com. In ya kasa to DNS ne, wato littafin da ke juya suna ya koma lamba, kamar yadda kake danna sunan mutum a waya ita ta nemo lambarsa. Canza shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 na Cloudflare, shi kenan.

To me ya haɗa wannan da tafiya daji? Ga shi. Da zarar ka ɗauki hanyar Tanut zuwa Agadez, ko ka bar kwalta bayan Gure, akwai wuraren da rezo zai ɗauke gaba ɗaya. Mutane da yawa suna zaton in rezo ya tafi GPS ma ya tafi, a'a ba haka ba ne. GPS daga taurarin ɗan adam yake saukowa, suna can sama wajen kilomita 20,200, wayarka saurare kawai take yi, in ta ji huɗu ta san inda kake, ba ruwanta da sim ko forfe. Abin da ke ɓacewa taswirar ce, sai ka ga ɗigon shuɗi a kan farin allo. Saboda haka tun kana gari, a lokacin da ping ɗinka ya nuna maka layin a natse yake, ka sauke taswirar Nijar a manhajar OsmAnd ko Organic Maps. Daga nan ka sa wayar a yanayin jirgi ka buɗe taswirar ka tabbatar ta sauka duka, tun kana tsakar gidanka za ka yi wannan gwajin.

Ni dai ba na yarda da waya ita kaɗai. A zafin watan Afrilu ka aje ta gaban mota rana na dukanta, kashe kanta za ta yi. Ga wannan a hannuna, Garmin eTrex, na'urar GPS ta hannu, batir biyu na AA take ci irin na tocila, ƙura ba ta damunta kuma allonta na karantuwa cikin rana. Duk inda ka wuce rijiya ko mararraba ka danna ka aje alamar wurin da suna. Damagaram tana wajen digiri 13.8 arewa, kusan 9 gabas, ka koyi karanta irin lambobin nan ka kuma iya faɗarsu da baki, don in mota ta lalace kuma ka samu sanda ɗaya ta rezo a kan tudu, SMS mai ɗauke da lambobin nan biyu zai wuce inda hoto ba zai wuce ba.

Sai kamfas na hannu, wanda wasu ke ce wa busol, ba batir ba caji. Amma ka fito daga mota ka yi nisa da ita taku goma kafin ka duba, ƙarfe yana ja wa allurar hankali, har wayar aljihunka ma. In kana son gwada naka ko yana da gaskiya, alƙibla daga nan kusan digiri 71 ce daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa. Kuma don Allah duk kayan nan kar su sa ka raina makiyayin da ka tarar a bakin rijiya, tsaya ka gaishe shi ka tambaye shi, shi ya san hanyar da yashi ya rufe bana da wadda babu tsaro, na'ura ba ta san wannan ba. Ka gaya wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa.

Yanzu bari in juyo da kamarar, mu fita waje in nuna muku yadda ake aje alamar wuri a eTrex ɗin, don a cikin ɗakin nan rufin kwano ya hana ta kama taurari.