Wane fedal ne zai fara jin bes ɗinka?

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Na ga wasunku sun zo da jitocinsu na bes, wato jita mai kaurin murya, wasu kuma da fedaloli cike da jaka, wato ƙananan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canja sautin jita. Madalla, domin maganar yau ta kunne ce. Duk abin da na faɗa, in mun tashi ku jona wayoyinku ku gwada, kada ku karɓa don ni na faɗa.

Tambayar da samari suka fi kawo mini ita ce: "Malam, na sayi fedal huɗu, wanne zan sa a farko?" Ni kuwa sai in ce, ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini me kowanne yake buƙatar ji kafin ya yi aikinsa. Fedal bai san jitarka ba. Abin da na gabansa ya miƙo masa, shi kaɗai yake ji. Iyayenmu mata sun san wannan a tsakar gida: gero sai an surfa, a bakace, a wanke, a daka, sannan a tankaɗe. Turmin nan ne, rariyar nan ce, amma in rariya ta riga turmi ba za a ga gari ba.

Mu masu bes muna da wata damuwa da mai jita ba shi da ita. Tsirkiyarmu mafi kauri, wato E, tana girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Ta jita sau 82. In bes ɗinka mai tsirkiya biyar ce, B ɗinka na sauka har wajen 31. A can ƙasan muke zaune, mu da babbar ganga, kuma wannan ƙasan shi ke motsa ƙafar mai rawa. To yawancin fedalolin da ke kasuwa don jita aka ƙera su, kuma masu gurɓata sauti irin su Tube Screamer da gangan suke rage ƙasa don kada kiɗan jita ya cakuɗe. Na taɓa aron irin wannan fedal a wani biki. Ana tsakiyar rawa na taka shi, ƙara ta ƙaru, amma nauyin kiɗan ya ɓace kamar an janye tabarma. Mai ganga ya waiwayo yana kallona, na ga ƙafafun mutane sun yi sanyi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin amanar da aka ba ni ke nan na saki. Tun ranar, duk fedal ɗin da zan ɗora a allon da nake jera fedaloli sai na fara sauraron abin da yake yi wa ƙasa.

To mu bi waya daga jita. Tiyuna, wato na'urar da ke nuna maka ko tsirkiya ta saitu, ita ce farko, sai dai in kana da faz irin na da, wanda zan zo kansa. Tana son ta ji tsirkiya tsurarta, kuma da ita kake kashe sauti in za ka gyara tsirkiya ko ka cire waya a gaban jama'a.

Bayanta sai fedalolin da nake kira masu sauraro, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Na farko shi ne oktaf. Aikinsa ya gane sautin da ka kaɗa, ya haifo irinsa a ƙasa da shi. Wanda ya fi suna shi ne Boss OC-2, da ya fito a 1982, wanda Pino Palladino ya haɗa da bes marar firet (ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita) a waƙoƙin Paul Young a shekarun 1980. Irin wannan na da, sauti ɗaya yake iya bi a lokaci guda. In ka ba shi tsirkiya biyu tare, ko ka ba shi sautin da faz, wato fedal mai gurɓata sauti, ya riga ya yamutsa, sai ya ruɗe, ka ji yana tsalle sama da ƙasa yana in'ina. Shi ya sa yake zama kusa da jita. Ka taimake shi da fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, wanda ke wajen wuyanta, ka kaɗa daga tsakiyar wuyan zuwa sama, ka danne sauran tsirkiyoyin da hannunka su yi shiru.

Na biyu shi ne filta mai bin ƙarfin hannu, wanda ke yin "waw, waw" ɗin nan. Kakansu Mu-Tron III ne na 1972, wanda Bootsy Collins ya yi suna da shi. Shi wannan ba ruwansa da wane sauti ka kaɗa, ƙarfin bugunka yake saurare. Ka buga da ƙarfi ya buɗe baki, ka sassauta ya rufe.

Yanzu ga inda rigimar take: kwamfuresa. Aikinta ta danne bugu mai ƙarfi ta ɗago mai rauni, kiɗa ya daidaita. Oktaf yana son ta a gabansa, domin sauti daidaitacce ya fi sauƙin bi. Filta kuwa ba ya son ta a gabansa ko kaɗan, domin bambancin ƙarfi da raunin da take sharewa, shi ne abincinsa. Ku saurara. Ga kwamfuresa kafin filta. Kun ji bakinsa da ƙyar yake buɗewa? Bari in juya su. To, kun ji yadda ya farka. Ni a allona kwamfuresa tana bayan filta, domin filta kan yi wata irin tsawa kwatsam da ke iya wahalar da lasifika, ita ce ke kama ta. Wanda ba ya amfani da filta, ya sa ta nan bayan tiyuna ya huta. Duka biyun daidai ne, ya danganta da wanda kake da shi a allo.

Sai masu gurɓata sauti, obadiraib da faz. Shawarata ɗaya ce kuma ina nanata ta: ku nemi wanda ke da maɓallin gauraya sautin asali da gurɓatacce, za ku ga an rubuta Blend ko Dry a jikinsa. Da shi ƙasanka ke wucewa lafiya, ƙazantar ta hau bisa kansa. Mai son sauti irin na kibod, ya jera oktaf, sai faz, sai filta. A nan filta ya koma bayan faz da gangan, domin faz yana ba shi abin taunawa mai yawa. Amma ku sani faz ma yana danne ƙarfin bugu, don haka sai an ƙara wa filtan saurin ji.

Akwai faz irin na da, jinsin Fuzz Face da aka fara yi a Landan a 1966. Shi wannan so yake ya ji fikof kai tsaye. Yawancin fedalolin Boss, har da tiyunarsu, suna da bafa, wato wani sashe a ciki mai kare sauti kada ya raunana a waya, da ke aiki ko an kashe su, kuma in bafa ta riga shi sai muryarsa ta yi tsini. Mai irinsa ya sa shi farko, kafin tiyuna ma. In kuma bes ɗinka mai batir ce a ciki, kamar StingRay, to bafar tana cikin jitar tun asali, gara ka nemi faz na zamani.

Koras mai sa sauti ɗaya ya zama kamar da yawa, dilei mai maimaita sauti, da na amon ɗaki, su ne na ƙarshe, a haka a jere. Dalili a fili yake: gara a maimaita sautin da aka gama dafawa da a gurɓata amsa-kuwwa. Ku sa su kaɗan. Ɗakunan taro da majami'un da yawancinku ke kiɗa a ciki suna da siminti da kwano, amonsu ya ishe ku. Daga nan sai akwatin DI, irin su SansAmp, wanda ke kai sauti ga mikisa da amfilifaya.

Na'am, ƙanena na baya, ina jin ka.

Ya ce ya jera komai yadda na faɗa amma ƙugi bai daina ba, musamman in an tada janareto. To wannan ba laifin jeri ba ne, ka duba wuta. Yawancin fedaloli bolt 9 suke ci, kuma in ka ciyar da su duka daga adafta ɗaya da wayar nan mai rassa, hayaniyar ɗaya takan shiga sauran, musamman in akwai dilei na dijital a ciki. Kwamfuresa da faz kuma duk ƙugin da suka tarar sai sun ɗaga shi. Ka cire komai, ka jona jita kai tsaye da amfilifaya, ka saurara. Sannan ka mayar da su ɗaya ɗaya, kowanne da batir, har ka kama wanda ƙugin ke shigowa da shi. In da hali, ka sayi abin ba da wuta mai keɓe kowace kafa daban. Kuma ka tabbata amfilifayarka da mikisa layin wuta ɗaya suke sha. Kawo allon naka nan gaba, mu kwance shi tare kowa ya ji.