Daga dutsen Zagami zuwa kanwar Bennu: ina aka kwana a neman rai wajen duniya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamai, ɗalibai, har da ku da kuka tsaya bakin taga don kujeru sun ƙare, sannunku da zuwa. La'asar ba ta da nisa, bari mu shiga magana kai tsaye.

Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Faskari ta jihar Katsina ta yau, yana gonarsa yana korar tsuntsaye, sai ya ji ƙara kamar ta aradu. Iska ta buge shi, wani abu ya faɗo ƴan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi, dutse ne mai nauyin kusan kilo 18. Wanda ya tashi daga nan Maradi da hantsi ya bi ta Dan Issa da Jibiya, zai kwana a wannan yanki in Allah ya so. Dutsen kuwa daga duniyar Mars ya zo.

Na ga Alhaji can yana murmushi, wato yana cewa, wa ya je ya gano? Tambayar tana kan hanya. A 1976 Amurka ta sauke kumbo biyu a Mars, ana ce musu Viking, suka auna iskar can: naitirojin kaza, agon kaza, sauran kaza. Shi kuma irin wannan dutse, lokacin da wani babban abu ya doki Mars ya fizgo shi, wasu wurare a cikinsa sun narke suka zama gilashi, suka kulle ƴar iska a ciki. A 1983 aka fasa irin wannan gilashi na wani dutse da aka tsinto a Antatika, iskar ta yi daidai da awon Viking. A 1995 aka ga haka a na Zagami. Kimanin shekara miliyan 3 ya yi yana yawo a sarari kafin ya faɗo gonar bawan Allah nan. Abin dariyar, a 1996 an liƙa ɗan ɓarinsa jikin wani kumbo da aka tura zagaya Mars, aka mai da shi gida.

Na biyun kun fi ni saninsa, don gidajen rediyo sun yi ta yi da shi. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a jihar Agadez, nauyinsa ya kusa kilo 25, babu irinsa da ya kai shi girma a hannun mutane. A Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York kan dala miliyan 5 da ɗoriya. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasa. Ni abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Ɗalibanmu na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke karatun duwatsu, a hoto za su gan shi, kamar kowa.

Amma ku lura, waɗannan biyun duwatsun aman wuta ne, narkakken dutse da ya daskare. Suna ba mu labarin cikin Mars, ba nan ake fara neman alamar rai ba. Masu neman wannan wasu duwatsu suka fi so, baƙaƙe, masu saurin marmashewa, cike da kabon. Kafin in kai gare su sai mun ɗan koma baya.

Da can masana a Turai suna ganin abin da jikin mai rai ke yi, hannun mutum ba zai iya haɗa shi daga gishiri da ƙasa ba. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya dafa wani gishiri a ɗakin gwajinsa sai ga yuriya ta fito, abin da a da sai a fitsari ake samu. Yuriyar nan dai da manomanmu ke saya buhu-buhu da damina. Daga nan hanya ta buɗe. A 1952 wani ɗalibi a jami'ar Chicago, Stanley Miller, da malaminsa Harold Urey, suka zuba ruwa da iskar mitan da amoniya da haidirojin cikin kwalabe rufaffu, suka riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Cikin mako guda ruwan ya yi ja-ja. Da aka duba, akwai amino asid a ciki, wato ƙananan gaɓoɓin da ake jerawa a gina furotin, abin da ke cikin tsokarku da wake da gyaɗa. Iri 20 rayuwa ke amfani da su. Yau masana da yawa na ganin iskar farkon duniya ba daidai take da wadda Miller ya zuba ba, sai dai abin da ya nuna yana nan daram: gaɓoɓin nan ba sa buƙatar mai rai kafin su haɗu.

Ranar 28 ga Satumba 1969 sama ta kawo nata shaidar. Dutse ya tarwatse a kan wani ƙaramin gari, Murchison, a Ostareliya, aka tattara kusan kilo 100. Mutanen garin sun ce wani wari yake yi kamar na sifirit. Aka samu amino asid a cikinsa, iri sama da 70, yawancinsu ma babu mai rai a duniya da ke amfani da su.

Nan wani zai ce, ai a ƙasa ya faɗo, cikin ciyawa da kashin shanu, me zai hana a ce datti ne ya shige shi? To ga dabarar, kuma in za ku manta da duk abin da na faɗa yau, ku riƙe wannan. Ku ɗaga hannuwanku biyu. Yatsu biyar nan, biyar nan, komai iri ɗaya, amma na hagu ba zai taɓa zama na dama ba ko ya kuka juya shi. Haka yawancin amino asid suke, akwai na hagu akwai na dama. Louis Pasteur ne ya fara gano irin wannan a 1848, yana tsince ƙananan ƙwayoyin wani gishiri ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki. In aka haɗa su a kwalba, rabi hagu rabi dama suke fitowa. Mai rai kuwa, daga bakteriya har raƙumi har ni da ku, da na hagu yake gina furotin ɗinsa. Saboda haka in ka samu rabi da rabi a dutse, ka san ba gumin hannun wanda ya tsince shi ba ne. Abin da aka fara gani a Murchison ke nan a 1970. Daga baya, a 1997, aka ga wasu irin sun ɗan rinjaya ta hagu, har aka fara cewa ƙila daga sama rayuwa ta gaji hagun nan.

Don a kashe gardamar datti gaba ɗaya, sai aka ce a je a ɗebo da kai. Japan ta aika kumbon Hayabusa2 zuwa wani dutse mai yawo a sarari, Ryugu, ya dawo a Disamba 2020 da giram 5 da ƴan kai. Amurka ta aika nata kumbon, OSIRIS-REx, a 2016 zuwa wani da ake kira Bennu, faɗinsa kamar rabin kilomita. Ya taɓa shi a Oktoba 2020, kwanson da ya zuba abin da ya ɗebo a ciki ya sauko hamadar Utah ta Amurka ranar 24 ga Satumba 2023, ɗauke da giram 121.6. Shekara bakwai ana jira, abin bai cika tafi biyu ba. Ba a buɗe shi a iska irin wadda muke shaƙa ba. Cikin akwatin gilashi cike da naitirojin aka yi, ana zura hannu ta safar roba. Ƙusoshi biyu ma suka ƙi kwancewa, sai da aka ƙera sabon makulli, aka kai Janairu 2024 kafin murfin ya buɗu.

A Janairu 2025 aka fitar da sakamako. Cikin amino asid 20 na rayuwa an samu 14. Haruffa biyar da ake rubuta saƙon gado da su a DNA da RNA, duka biyar suna ciki. Hagu da dama kuwa kusan kunnen doki, wanda ya jiƙa wa masu cewa daga sama hagun ya zo aiki. Sannan aka samu gishiri iri-iri da ba sa samuwa sai inda ruwa mai gishiri ya ƙafe a hankali. Akwai gishirin miya. Akwai kuma wanda masana duwatsu ke kira tirona, kuma Hajiya, shi ne kanwar da kike jefawa cikin wake, wadda ake kawowa daga Manga a jibge a babbar kasuwa. Ma'anarsa, uwar dutsen da Bennu ya ɓalle daga jikinta, shekara sama da biliyan 4 da rabi da suka wuce, tana da ruwan kanwa a cikinta, ya jiƙa, ya ƙafe.

To shi ke nan an ga rai? A'a. Tumatir da albasa da daddawa da mai a kan faifai ba miya ba ne. Kayan haɗin suna ko'ina a sararin sama, wannan kam an tabbatar. Yadda suka zama ƙwayar da ke ci, ke girma, ke haifar irinta, babu ɗakin gwajin da ya nuna shi daga farko har ƙarshe. Wanda ya ce muku an yi, ku tambaye shi a wace shekara. Wani malami ya taɓa tare ni kan ko wannan bincike bai shiga hurumin da ba namu ba. Na ce masa, Allah gafarta malam, mu awo muke yi, abin da aka auna shi muke faɗa.

Masu nazarin ƙananan halittu su ne suka faɗaɗa mana wurin nema, su ne kuma suka fi kowa hana mu barci. A shekarun 1960 Thomas Brock ya samu bakteriya na rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, a zafin digiri 70. Daga jikinta aka ciro sinadarin da ake gwajin PCR da shi, wanda kuka yi ta ji lokacin korona. Akwai masu zama cikin ruwan kanwa, akwai na cikin dutse can ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Ko nan gida, ku duba gonar da aka bari ta huta: wannan baƙin ɓawon da ke kan ƙasa, wanda yake kamar ƙuna da rani, ku zuba masa ruwa ku dawo bayan ɗan lokaci, za ku ga ya soma kore. Halittu ne, wata da watanni suna bushe suna jira. Shi ya sa ake kallon Enceladus, watan duniyar Saturn mai feso ruwa ta tsagogin ƙanƙara, da Europa na Jupiter, inda kumbon da aka harba a Oktoba 2024 zai isa a 2030.

Taurin kan nan nasu shi ne matsalar. Kafin a harba Viking sai da aka gasa su a zafi sama da digiri 110 na sa'o'i masu yawa. Duk da irin wannan tsafta, an samu wata bakteriya da ke zaune a ɗakunan harhaɗa kumbo, inda ake wanke komai da magani. Wani ɗan ɓarin Ryugu da aka kai wani ɗakin gwaji a Ingila, aka ga siraran halittu a kansa, suka yawaita, suka ragu. Na nan duniya ne suka hau shi.

Mars kanta sau biyu tana sa mutane guɗa kafin lokaci. Viking ya zuba ruwan abinci kan ƙasar can, iska ta fito kamar wani abu na ci. Wata na'urar a jikinsa kuma ta gasa ƙasar, ba ta ga kayan kabon na kirki ba. Sai 2008 kumbon Phoenix ya gano akwai wani gishiri mai kolorin a ƙasar Mars, wanda in aka gasa shi yake ƙone kayan kabon. Wato mai yiwuwa na'urar da kanta ta ƙone abin da take nema. A 1996 kuma aka nuna hoton wasu abubuwa kamar tsutsotsi a cikin wani dutsen Mars na Antatika, har shugaban Amurka na lokacin, Clinton, ya fito ya yi jawabi. Daga baya aka nuna kusan duk alamomin za su iya samuwa ba tare da rai ba.

Shi ya sa da motar Perseverance ta ga wani dutse mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa a tsohuwar hanyar ruwa ta Jezero, can Mars, a Yuli 2024, masu binciken suka auna bakinsu. Rahotonsu na Satumba 2025 cewa ya yi mai yiwuwa alamar rai ce. Ma'adinan ƙarfen da ke cikin ɗigon, a nan duniya sau da yawa bakteriya ke barin irinsu cikin laka, amma akwai hanyar da za su samu ba da ita ba. An huda dutsen, an rufe ɓarin cikin bututu, yana can Mars yana jiran wanda zai biya kuɗin ɗauko shi.

Na ga hannu a baya. Ɗan'uwa yana tambaya ko gatarin aradu da ake tsinta a gona shi ne dutsen sama. A'a, wancan hannun mutum ne ya wasa shi, kayan aikin mutanen da ne, kuma shi ma abin adanawa ne. Dutsen sama sabon faɗowa yana da baƙar fata siririya kamar an babbaka shi, yawanci ya fi dutsen da ya kai shi girma nauyi, kuma mayen ƙarfe kan kama da yawansu. In ya faɗo a garinku, kada a wanke shi, kada a goga masa mayen ƙarfen ma, don yana ɓata wani awo da ake yi. Kada a yi ta yawo da shi hannu zuwa hannu. A ɗauki hotonsa a inda yake, a ɗauke shi da leda mai tsafta, a sa a kwalba busasshiya a rufe, a rubuta rana da lokaci da wurin. A sanar da mai gari da hukuma, sannan a nemi malaman sashen duwatsu na jami'a.

An kira salla. Sauran tambayoyin sai mun idar.